Fedar jitar da na haɗa tana tari, ina zargin transisto ya mutu

Basit Nima:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na san ba irin kayan da aka saba kawowa nan ba ne, ba talabijin ba ce, ba inbata ba, amma ku yi haƙuri da ni. Fedar jita na haɗa da hannuna, irin wadda ake takawa da ƙafa sautin jita ya koma mai ƙugi da kaushi. Zanen Fuzz Face na bi, mai transisto biyu kacal. Ranar Asabar na shiga Zongo Lane na sayo transisto BC547B guda biyu, rezista huɗu, kafasita uku, fot biyu (wato rezista mai murɗawa) da guntun allon Vero. Gidanta kuwa gwangwanin alewa ne na kakata da take zuba zare da allura a ciki, sai da na yi kwana uku ina lallashi kafin ta bar mini.

Ga matsalar. In ban taka makunnin ba, sautin jita yana wucewa tas zuwa amfilifaya. Da na taka sai shiru. In na daki tsirkiya da ƙarfi sai in ji "furt, furt" can ƙasa-ƙasa kamar akuya mai mura, sai ya yanke. Ko na ƙure bolum haka ne. Ina zargin transisto na biyu, don na daɗe da ƙarfen dalma a kan ƙafarsa har sai da ya ƙona mini yatsa. Me kuka gani?

Muntari Fadama:
Wa alaikumus salam. Transiston ne, ba wata-wata. Na kasuwa yanzu duk jabu ne, ga shi kuma ka gasa shi. Cire ka sa wani.

Sadik Aboabo:
Ƙanena, kafin ka taɓa komai, batirinka fa? Auna shi yana cikin da'irar, ba a hannunka ba. Sannan wane irin jak ka sa a mashiga? In mai ƙafa uku ne da yake kunna batir in an cusa waya, mutane da yawa suna musanya ƙafar zoben da ta kan. Mu nan Kumasi akwai wani yaro da ya yi mako guda yana zagin transisto, ashe wayar batir ce a ƙafar da ba tata ba.

Basit Nima:
Yaya Sadik, batir sabo ne, 9.2 yake nunawa a kan allon kansa bayan na cusa wayar jita. Jak ɗin daidai yake, na bi shi da mita.

Ɗanjuma Ashaiman:
Ni tambayata, wannan wahalar ta mece ce? Kuɗin trotro daga Nima zuwa kasuwa sau biyu da kuɗin kayan, ai ka kusa sayen 'yar China sabuwa fil a kwalinta. Kuma kiɗan ma dai, ka san abin da malamai suka ce.

Malam Yakubu:
Ɗanjuma, zauren gyara ne nan. Wancan bahasin akwai inda ake yinsa, kuma akwai masu yinsa. Yaro ya kawo da'ira, a duba masa da'ira. Wanda ya haɗa abu mai transisto biyu ya gane shi, gobe shi zai gyara maka amfilifayar masallacinku.

Basit Nima:
Na gode Malam. To jama'a, na bi shawarar Yaya Muntari. Akwai tsohuwar rediyon kawuna a ƙarƙashin gado, na ciro wani transisto a ciki, C945, shi ma NPN ne kamar wancan. Na cire na biyun na sa shi. Yanzu ko tarin ma babu. Shiru kamar maƙabarta.

Muntari Fadama:
To na farkon ma ya mutu ke nan. Canza duka biyun.

Baba Alhassan Mai Rediyo:
Muntari, a haka za ku ƙarar da transiston Ankara (Accra) kaf ba ku san abin da ya lalace ba. Basit, ɗana, ajiye ƙarfen dalman nan, ka cire shi daga soket ma don kada hannunka ya yi maka ƙaiƙayi. Ɗauki mita ka sa ta a DC 20. Baƙar waya a giraun, jar waya ka taɓa ƙafafu shida ɗaya bayan ɗaya, uku na transisto na farko, uku na na biyu. A bar wayar jita a cuse don batir ya kunnu. Rubuto mini lambobi shida. Kada ka ce mini "akwai wuta" ko "babu wuta", lamba nake so.

Basit Nima:
To Baba. Na farko: emita 0, bes 0.02, kalekta 8.9. Na biyu: ramin bes 8.9, ramin emita 0.02, ramin kalekta 7.6.

Rukayya Madina:
Basit, tsaya. Yaya ka dasa C945 ɗin? Fuskarsa mai faɗi tana kallon inda ta BC547 take kallo?

Basit Nima:
E Anti, daidai yadda na cire wancan haka na sa wannan. Na ma ɗauki hoto kafin in cire don kada in juya shi.

Rukayya Madina:
To ai nan ka yi ɓatan kai. Gidansu iri ɗaya ne, baƙin roba mai gefe guda a shafe, amma jerin ƙafafunsu ba ɗaya ba ne. Riƙe shi rubutun yana kallonka, ƙafafu suna ƙasa, ka karanta daga hagu zuwa dama. BC547 da 'yan gidansu BC548 da BC549: kalekta, bes, emita. 2N3904: emita, bes, kalekta, wato shi juya shi kawai za ka yi ya zauna. Amma na Japan irin C945 da C1815: emita, kalekta, bes. Shi bes ɗinsa a gefe yake, ba a tsakiya ba, ko ta ina ka juya shi ba zai zauna a ramin BC547 ba sai ka harɗe masa ƙafafu.

Yanzu dubi abin da ka yi. Emitansa ya shiga ramin kalekta, kalektansa ya shiga ramin bes, bes ɗinsa ya shiga ramin emita inda fot na 1k yake janyo shi ƙasa. Bes yana ƙasa, ba abin da zai buɗe. Shi ya sa ka ga 8.9 a tsakiya, babu mai jan wuta ta rezistan 33k. Shi kuma 7.6 ɗin nan, mahaɗar emita da bes ce ka ba wa wuta ta baya har ta fara zubarwa kamar zena. A takardar irin waɗannan transisto, volt 5 ne iyakar abin da aka yarda a ba wannan mahaɗa ta baya. Ba zai yi hayaƙi ba tunda wutar kaɗan ce, amma irin wannan yana rage masa ƙarfi ya ƙara masa shuu. Cire shi, kada ka mayar da shi cikin abin sauti.

Sadik Aboabo:
Kai, Rukayya, daga lamba uku kika gano wannan? Allah ya ƙara basira.

Rukayya Madina:
Amin Yaya. Ba basira ba ce, ni ma na taɓa yi, a gaban maigidana kuma, ina shekarar farko a shago. Har yau in ya ga C945 sai ya kira sunana.

Baba Alhassan Mai Rediyo:
'Yata ta gama magana a kan wannan. Amma ku lura, wannan ciwo na biyu ne, wanda aka jawo garin magani. Garin neman gira aka tsone ido. Ciwon farko, tarin nan, yana nan yana jiranmu. Basit, ina BC547 da ka cire? Kada ka ce mini ka jefar.

Basit Nima:
Yana nan Baba, sai da na share ɗakin na same shi a bayan tabarmar salla.

Baba Alhassan Mai Rediyo:
Madalla. Juya mita zuwa alamar dayod. Jar waya a ƙafar tsakiya, baƙa a hagu, ka rubuta. Baƙa a dama, ka rubuta. Sannan ka musanya wayoyin ka sake. Daga ƙarshe ka auna tsakanin ƙafar hagu da ta dama, ta nan da ta can. In mitarka tana da 'yan ramukan hFE, inda ake auna yawan ninka wutar da transisto yake yi, cusa shi nan ma.

Basit Nima:
Ja a tsakiya: 0.672 da hagu, 0.679 da dama. Da na musanya, babu komai, 1 kawai take nunawa. Hagu da dama ma babu komai ta kowane ɓangare. hFE 288.

Baba Alhassan Mai Rediyo:
Lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya. Mahaɗa biyu suna wucewa ta gaba, suna tarewa ta baya, babu gajeriyar hanya tsakanin kalekta da emita, kuma 288 yana cikin iyakar masu harafin B, wato 200 zuwa 450. Ka kuma lura da ɗan bambancin nan, ɓangaren da ya ɗan fi yawa, 0.679, shi ne emita. Ko rubutun transisto ya goge, da wannan za ka ware emita da kalekta. Transiston silikon ba ya mutuwa da sauƙi don an ɗan daɗe da ƙarfe a ƙafarsa. Yatsanka ya fi shi raki. Mayar da shi mazauninsa, ka sake ba ni lambobi shida.

Muntari Fadama:
Baba, da girmanka, amma ni na sha ganin transisto ya ci jarrabawar mita, a sa shi a aiki ya ƙi. Na jabu haka suke.

Rukayya Madina:
Yaya Muntari, akwai jabu, ba a musu. Amma mai yin jabu riba yake nema. Manyan transiston amfilifaya irin 2SC5200 ake yi wa jabu, ka fasa ka tarar da ɗan ƙwayar da bai kai rabin na asali ba, ko tsofaffin transiston jamaniyam da suka yi tsada. BC547 da ake sayarwa kamar gyaɗa, me zai samu? Kuma a nan ko miliamp ɗaya ba ya ja. Ko mafi lalacin BC547 zai ɗauki wannan.

Basit Nima:
Ku yi haƙuri, an ɗauke wuta tun la'asar, sai yanzu aka kawo. Na mayar da shi, tarin ya dawo yadda yake da farko. Na farko: emita 0, bes 0.33, kalekta 1.02. Na biyu: bes 1.02, emita 0.35, kalekta 0.38.

Muntari Fadama:
Ato! Kalekta 0.38, emita 0.35. Kusan abu ɗaya. Ba na faɗa ba? Ya haɗe ta ciki. In an sa masa wuta ne yake nuna halinsa.

Sadik Aboabo:
Gaskiya ni ma da na ga waɗannan biyun abin da ya fara zo mini ke nan. Ko kuma dalma ta haɗa layi biyu a allon. Basit, bi tsakanin layukan tagullar da bakin reza, ka duba da tocila. Allon Vero ya iya ɓoye siririn gashin dalma. Sannan in ka murɗa fot na 1k lambobin suna motsi?

Basit Nima:
Na bi da reza Yaya, na cire batir na auna tsakanin layukan biyu, ba su haɗe ba. Murɗa fot ba ya canza komai.

Baba Alhassan Mai Rediyo:
Ba zai canza ba, kuma haka ya kamata. Emita yana bi ta cikin fot ɗin gaba ɗaya zuwa giraun, ƙafar tsakiya kafasita ce kawai a kanta, ita kuwa ba ta barin DC ya wuce. Wannan ma ya nuna ka haɗa fot daidai.

Yanzu ku zo mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa, abin da ya shiga da abin da ya fita. Emita na biyu yana kan 0.35, a kan 1k. Wato wutar da take fita ta ƙasa miliamp 0.35 ce. Daga ina ta shigo? Ƙofa biyu ce kawai, bes da kalekta. Ta bes: batir 9.2, a cire 1.02, saura wajen 8.2 a kan 33k, ya ba da kusan 0.25. Transisto na farko bai ci komai a ciki ba, don bes ɗinsa yana 0.33, silikon kuwa ba ya buɗe ido sai an kai wajen 0.6. Barci yake. To duk 0.25 ɗin nan bes na biyu ta shiga. Saura 0.10, ita ce ta shigo ta kalekta.

To ga inda gizo yake saƙar. Daga batir zuwa kalekta akwai faɗuwar volt 8.8. In da gaske rezista 8.2k da 470 ne a wannan hanya kamar yadda zanen ya ce, da wutar da take bi ta nan ta kai miliamp ɗaya, ba 0.10 ba. Ko da transiston ya haɗe ta ciki kamar yadda Muntari yake cewa, da emita ya haura 0.9, ba 0.35 ba. Volt 8.8 a raba da 0.10, nawa ke nan? Dubu tamanin da wani abu. Basit, karanto mini launukan rezistan da yake kan kalekta na biyu. A hasken rana ko farar tocila, ba ƙwan ɗakinka ba.

Basit Nima:
Toka-toka, ja, sannan... Baba na ukun ja ne ko ruwan lemo ne, wallahi na kasa rantsuwa. Bari in auna.

Innalillahi. 81.6k.

Sadik Aboabo:
Hahaha! Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. 82k aka ba ka a madadin 8.2k.

Basit Nima:
Ni da bakina na ce wa yaron shagon "eit poin tu ke", ya jawo aljihun tebur ya ba ni, ban duba ba. Daren da na haɗa kuma da fitilar waya na yi aikin, wayar tana cikin kofi na jingine ta. Ja da ruwan lemo duk ɗaya suka zame mini. Kwana biyar ina zagin transisto, bawan Allah bai ci ba bai sha ba.

Rukayya Madina:
Kada ka ga laifin yaron da yawa, a aljihun nan nasu kowa yana jefa abin da ya ga dama. Ni kowane rezista sai ya bi ta mita kafin ya taɓa allo, ko da guda hamsin ne. Naka huɗu ne kawai.

Ka gane dalilin tarin kuwa? Na farkon yana samun abincin bes ɗinsa ne daga emitan na biyu ta rezistan 100k. Da 82k ya shaƙe na biyun, emitansa ya kasa kaiwa inda zai ta da na farko. Sai ka daki jita da ƙarfi, kan igiyar sautin ya ɗan tura bes ya haura 0.6 na ƙiftawar ido, ya farka ya yi "furt" ya koma barci. Ƙarancin sautin kuma, ai daga mahaɗar 470 da wancan rezistan ake ɗibar abin da zai fita. Da 8.2k kashi ɗaya cikin goma sha takwas ake ɗiba, da 82k kuwa ya koma wajen ɗaya cikin ɗari da saba'in da biyar.

Muntari Fadama:
To na sallama. Amma Baba, kalekta da emita su zo kusa haka transisto yana lafiya, ban taɓa kawowa ba.

Baba Alhassan Mai Rediyo:
Haka yake in an ɗura masa wuta a bes fiye da abin da kalekta zai iya samu. Ƙofa ce a buɗe hanhai, ba karyayya ba. Duk rileyi da ka taɓa kunnawa da transisto haka yake zama, kai dai ba ka auna ba ne. Kuma ba laifinka kaɗai ba ne, Muntari. Mu muka koya muku haka, don a talabijin da amfilifaya sau da yawa transiston ne yake tafiya, shi yake ɗaukar zafi. A nan babu zafin da zai kashe kowa.

Basit Nima:
Baba ba ni da 8.2k a gida, kuma kasuwa sai jibi. A rediyon kawu na ga wani mai shuɗi, toka-toka, ja. Na auna wannan karon, 6.7k. Zai yi?

Baba Alhassan Mai Rediyo:
Sa shi. Zai ma iya fin 8.2k ɗin dacewa. Wannan zanen an yi shi ne a Landan a 1966, kamfanin Arbiter, kuma da jamaniyam aka fara, NKT275. Daga baya suka koma silikon irin BC108 da BC183. Jamaniyam yana buɗewa tun wajen 0.2, silikon sai 0.6, saboda haka a naka emita na biyu zai zauna kusa da 0.7, wutar ta fi yawa, kuma 8.2k zai janyo kalekta ƙasa zuwa uku da 'yan kai. Da 6.8k za ka matso kusa da rabin batir.

Basit Nima:
Allahu Akbar! Jama'a ta yi! Na taka na daki tsirkiya ɗaya, sautin ya riƙe ya ƙi sauka, sai da kakata ta leƙo ta ce wane ne yake yanka katako a ɗaki. Na farko: 0, 0.60, 1.31. Na biyu: bes 1.31, emita 0.69, kalekta 4.2.

Sadik Aboabo:
Barka! Amma 4.5 ake so. Sa tirima, wato ɗan ƙaramin fot, na 10k a wurin ka murɗa har ya zauna daidai.

Rukayya Madina:
Yaya Sadik, 4.5 ba aya ba ce. Rabin tara ne kawai, don sautin ya samu filin hawa da sauka. Batirin ma gobe ba 9.2 zai nuna ba. In ya sa tirima ya sa don kunnensa, ya murɗa ƙasa ya ji yadda take tsinkewa, ya murɗa sama ya ji yadda take laushi, ya tsaya inda ya yi masa daɗi. Akwai masu neman wannan tarin da gangan ma, kaɗan dai, ba irin nasa ba. Sai dai ya jera masa 1k ko 2.2k a gaba don kada ya murɗe zuwa sifili.

Sadik Aboabo:
Na yarda, amma ni fa har yanzu jamaniyam nake so. Silikon yana da tsini a kunne. Basit, in ka samu tsohuwar rediyo ta shekarun 1960 ka duba 'yan gwangwanayen nan AC128 ko 2SB, ka gwada su ka ji bambanci. In ka rage bolum na jita sautin yana wankewa tas, ka ƙara ya dawo da ƙuginsa.

Baba Alhassan Mai Rediyo:
Sadik, daɗinsa gaskiya ne, amma ka gaya masa sauran. Ni da jamaniyam na koyi aiki a Sabon Zango, na san halinsa kamar na san yunwar cikina. Yoyo yake yi ko ba a taɓa bes ba, kuma yoyon yana ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri goma ko ƙasa da haka. Riƙe shi da yatsa biyu kana kallon mita, za ka ga lamba tana tafiya. Turawan da suke yabonsa a sanyi suke zaune. Kai ka saita shi da asuba a Nima, ka kai shi wajen biki ƙarƙashin rumfa da azahar a watan Maris, ka ga ko zai gane ka. Sannan yawancinsu PNP ne, sai ka juya batir da kafasitoci, jan waya ya zama giraun. Ranar da ka haɗa shi a adafta ɗaya da sauran fedoji, ka haɗa wuta da wuta ke nan.

Wankewar da kake faɗa kuma ba ta jamaniyam kaɗai ba ce, ta zanen ce. Mashigarsa tana jan jita sosai, shi ya sa bolum na jita yake juya ta haka. Nasa ma zai yi, in dai jita ce take shiga kai tsaye ba wata feda a tsakani.

Ni karon farko da na ji jita tana kuka irin haka, ranar 6 ga Maris 1971 ne a dandalin Black Star, daren bikin kiɗan Soul to Soul, da Santana suka hau. Ina ɗan shekara goma sha biyar, na sulale daga gida. Ba na cewa wannan fedar ce a ƙafarsa. Amma mu da muka tashi da jitar hailaif mai tsabta kamar ruwan randa, mun ɗauka sifika ce ta yage. Washegari na sha bulala, kuma na ce wa maigidana amfilifayar Amurkawa ta lalace ba wanda ya gyara musu. Ya yi dariya har da hawaye.

Malam Yakubu:
Alhaji, yau kuma asiri ya tonu. Shekara nawa muna tare ban taɓa jin wannan ba.

Baba Alhassan Mai Rediyo:
Malam, kafin aikin Hajji ne, an yafe.

Ɗanjuma Ashaiman:
Ni dai lissafin nan na Baba na kwafe. Akwai wata amfilifaya da ta yi wata biyu a shagona, na canza transisto uku a firi'am ɗinta, wato matakin farko na ƙara sauti, ban taɓa auna rezista ko ɗaya ba. Basit, na janye maganar 'yar China.

Basit Nima:
Ba komai Yaya Ɗanjuma. Amma jama'a wata sabuwa. In na ƙure fot na ƙugi kuma na rage bolum na jita zuwa ƙasa, ina jin mutum yana magana da Twi a cikin amfilifaya. Wallahi ba wasa ba, labarai yake karantawa. In na ƙure duka kuma akwai wani siririn fito.

Rukayya Madina:
Rediyo ka kama, sanannen halin wannan zanen ne, musamman da silikon mai hFE da yawa. Wayar jitarka ta zama eriya. Abu na farko, gwangwanin kakarka yana haɗe da giraun? Fenti ne a jikinsa, goron jak ɗin ba lallai ya taɓa ƙarfe ba. Kankare fentin a inda jak yake zama, har murfin ma, ka auna da mita tsakanin murfi da giraun ka ji ta yi ƙara. Na biyu, rage tsawon wayoyin ciki, kuma ka raba wayar shiga da ta fita, kada su kwanta tare, su suke kawo fiton. In bai daina ba, ɗan kafasitan seramik 100pF tsakanin kalekta da bes na transisto na biyu, wanda aka rubuta wa 101. Yana rage tsinin da Yaya Sadik yake kuka da shi ma. Kada ka zarce 470pF, sautin zai dushe.

Sadik Aboabo:
Kuma ka manna wani abu a ƙasan allon, ko kwali ne, kada tagullar ta taɓa gwangwanin in ka taka da ƙarfi.

Basit Nima:
Murfin bai haɗu da giraun ba sam, Anti. Na kankare na ɗaura masa waya, fiton ya tafi, mai labarai ya koma can nesa amma yana nan in na kasa kunne. 101 kuma babu a rediyon kawu, na duba kaf, kuma kawun ya fara tambayar ina rediyonsa.

Muntari Fadama:
Ina da su cike da kwalba. Gobe bayan Juma'a zan bi ta Nima, ka same ni bakin babban masallacin Kanda. Ka zo da mitarka ka auna da kanka, kada a ce Muntari ya ba ka jabu.

Baba Alhassan Mai Rediyo:
Ka zo da fedar ma in ka samu hanya ta Sabon Zango, ina so in ji. Kuma ka taho da rediyon kawun naka da sabon C945 da 6.8k ɗin da za ka saya, mu mayar masa da kayansa kafin ya kai ƙara wajen kakarka.